Ruwan Zafi a Lokacin Hunturu: Gas, Hitar Bokiti, Hitar Bango ko Ta Sola?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, magana ɗaya ce take yawo a gidaje: da me za a riƙa dafa ruwan wanka? Maigida yana son ruwan ɗumi kafin sallar asuba, yara suna jiran wankan makaranta kafin ƙarfe bakwai, ga tsohuwa a ɗaki wadda ko alwala ba ta iya yi da ruwan randa. In kuma an yi haihuwa a gidan, to buƙatar ta ninka, domin wankan jego ba ruwan buta yake ci ba. A Kano sanyin daren Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 13 ko 14, a Jos kuwa wasu ranakun har ƙasa da 10, kuma ruwan da ya kwana a tankin sama da wannan sanyin yake wayar gari.

Mutum yakan shiga kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa da tambaya ɗaya a bakinsa: nawa ne? A ganina akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan. Ƙarfe nawa ake kawo wuta a unguwarku, kuma da wane ƙarfi take zuwa? Sannan ta yaya ruwa yake isa banɗakinka, ta fayif daga tankin sama ko a jarkar mai garuwa? Dalili kuwa shi ne, lokacin da aka fi matsuwa da ruwan zafi shi ne asuba, lokacin da babu rana kuma babu tabbacin wuta. Saboda haka duk abin da za ka saya, ko dai ya zama mai iya aiki a wannan lokacin ba tare da ya jira kowa ba, ko kuma mai iya tara zafi tun jiya ya riƙe maka shi har gari ya waye. Da wannan ma'aunin zan auna su.

Lissafin bokiti ɗaya

Kafin a shiga kwatance, ga ɗan lissafin da zai sauƙaƙa komai. A ɗauki bokiti mai lita 20, ruwansa yana digiri 18, ana son kai shi digiri 40, wato ɗumin da jiki yake jin daɗinsa. Wannan aikin yana cin kusan rabin yunit na wutar lantarki, ko da wace irin hita aka yi shi. Hita mai wat 1500 za ta yi shi a cikin kamar minti 20. Mai wat 3000 za ta yi shi a minti 10, amma rabin yunit ɗin nan dai za ta ci. Girman hita gudu yake ƙarawa, ba ya rage kuɗi.

In kuma tafasawa ake yi a sirka, kashi ɗaya na tafasasshe da kashi uku na sanyi shi yake ba da ruwan wanka. Wato lita 5 zuwa 6 na tafasasshen ruwa sun ishi bokiti guda. Masu cika babbar tukunya fal su tafasa don mutum ɗaya asarar makamashi suke yi.

Wanda yake layin Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 na wuta a rana, ya san cewa a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai farashin yunit naira 225, daga baya aka ɗan sassauta zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A wannan farashin bokiti ɗaya yana tashi ɗari da wani abu. Masu sauran layukan sun fi samun sauƙin farashi, sai dai awoyinsu sun ragu: 16 ga B, 12 ga C, 8 ga D, 4 ga E, shi ma a takarda.

Wuta a ƙarƙashin tukunya

Gas shi ne wanda ba ya jiran kowa. Ka tashi ƙarfe huɗu da rabi, ka ƙyasta ashana, kafin ka gama shirin alwala tukunya ta fara motsi. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki, amma wajen rabinsa yana tsiyayewa ta gefen tukunya ya bi iska. Idan an cire wannan, kilo ɗaya zai ba ka kamar bokiti 12, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma wajen bokiti 150. Ka ɗauki farashin kilo a garinku yau ka raba shi gida 12, ka ga kuɗin wanka ɗaya. Sau da yawa za ka tarar bai yi nisa da na wutar Band A ba. Abu biyu suke rage cin gas ƙwarai: rufe tukunya da murfi, da kare murhun daga iska. Harshen wutar da ya wuce gindin tukunya yana lasar gefenta ba ya dafa komai.

Inda gas yake da rauni shi ne ɗawainiya da haɗarin ɗauko. Kowace safiya sai wani ya tashi ya ɗora, ya sauke, ya ratsa tsakar gida da tukunyar tafasasshen ruwa a cikin duhu, alhali yara suna kai da komowa. Galibin ƙunar yara da ruwan zafi a irin wannan zirga-zirgar take faruwa. A kai bokiti kusa da murhu, a fara zuba ruwan sanyi a ciki, sannan a ɗebi na zafi da kofi mai mariƙi a ƙara. Kada a taɓa ajiye bokitin zallar ruwan zafi a ƙasa a ce bari a je a ɗebo na sirki. In kuma tsautsayi ya faɗa, a sa wurin ƙunar a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na wajen minti 20 sannan a tafi asibiti, ban da shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko manja.

Itace da gawayi har yanzu su ne gatan babban gida da gidan maijego, domin su ne suke ɗaukar ƙatuwar tukunya ko rabin duro ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Ba ni da ja a kan haka, in dai a fili ake hura su. Abin da nake roƙo shi ne kada a shigar da kurfoti ko kaskon garwashi banɗaki ko ɗakin kwana a rufe ƙofa da taga don a ji ɗumi. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba a ganinta. Alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma mai barci ba ya ma jin waɗannan.

Wata dabara da ake rainawa: a dafa ruwa da dare bayan an sauke tuwo, a juye a babbar kula mai kyau a rufe ruf. Da asuba za a same shi da zafin da ya isa alwala da wankan yara biyu ko uku. Haka kuma mai rijiya ko bohol ya lura cewa ruwan da ya fito daga ƙasa yanzu-yanzu ya fi na tanki ɗumi sosai, domin can ƙasa ba ta san hunturu ba. Ruwan da aka jawo da asuba rabin aikin dafa shi an riga an yi.

Hitar tsomawa a bokiti

Ita ce mafi araha, kuma ita ce na fi jin tsoro. Ta fuskar cin wuta ba ta da laifi, tunda duk zafinta a cikin ruwa yake zama. Laifinta yana wajen rai da gobara. A cikin ƙarfen nan mai lanƙwasa akwai waya mai ɗauke da wuta, kuma abin da ya raba ta da ruwan bokiti ɗan siririn bututu ne da garin da aka cusa a tsakani. Da zarar bututun ya tsage, ko don tsufa ko don an taɓa kunna ta a waje, ruwan bokitin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, kuma ido ba ya gani. Yawancinsu filoginsu baki biyu ne, babu wayar ƙasa mai kai wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa. Sai yarinya ta zo ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti, ta tsoma yatsa ta ji ko ruwan ya yi.

Gobararta kuwa hanya ɗaya take bi kusan kullum. An tsoma hita, an ɗauke wuta, an watse an manta ba a zare ba. Cikin dare aka dawo da wuta. Ruwa ya tafasa ya ƙafe, ƙarfen ya yi jawur, ya narke bokitin roba, ya kama leda ko katifa, ga busasshiyar iskar hunturu tana taya shi. Shi ya sa makarantu da dama suka hana ta a ɗakunan kwanan ɗalibai. Wadda ɗalibai suke haɗawa da hannu kuwa, da reza biyu ko murfin gwangwani, wannan ruwan ne da kansa yake zama hanyar wuta, kuma bai kamata ta kwana a gidan kowa ba.

Na san akwai wanda ƙarfinsa iya nan ya tsaya. In haka ne, a yi amfani da bokitin roba mai kauri, a rataya hitar a jikin sanda da aka gitta a bakin bokitin don kada ta taɓa gefe ko ƙasa, a tsoma kafin a kunna, a zare filogi kafin a taɓa ruwa, a ba ta ɗan lokaci ta huce kafin a ciro ta. In aka ɗauke wuta, abu na farko shi ne zare ta, tun kafin a nemi tocila. Amma wanda zai iya ƙara kuɗi kaɗan, butar lantarki mai kashe kanta in ruwa ya tafasa ta fi ta nesa ba kusa ba. Mai lita 2 sau uku za a ɗora a sami bokiti guda. Da ɗan jinkiri, amma ba ta cinna wa gida wuta don an manta da ita.

Hitar bango mai tanki

A nan zan fi daɗewa, domin ita ce na ga ta fi dacewa da yanayin wutarmu, kuma ita ce aka fi lalatawa wajen ɗaurawa. Fulas ce babba da aka kafe a bango: tankin ƙarfe a ciki, soso mai riƙe zafi a kewaye, elemen mai dafa ruwa, da tamostat mai kashe wuta in zafi ya kai inda aka saita. Irin su Ariston da makamantansu sun cika kasuwa, daga lita 10 da 15 zuwa 30, 50, 80 har 100.

Fa'idarta ita ce ba ruwanta da lokacin da aka kawo wuta. In an kawo ƙarfe goma na dare aka ɗauke ƙarfe ɗaya, ta riga ta gama aikinta, kuma da asuba ruwan yana nan da zafi. Mai lita 50 da elemen wat 1500 tana buƙatar kusan awa 2 da yunit 3 ba kaɗan ta kai ruwa digiri 65, kuma in aka sirka wannan ruwan zai ba da bokiti biyar, ko huɗu in ya kwana. Mai lita 30 awa ɗaya da 'yan mintuna take so, ta ba da bokiti uku. Mai lita 15 kuwa bokiti ɗaya da rabi ne, ta mutum ɗaya ce ko ango da amarya. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙarama don sauƙin kuɗi, da tunanin za ta sake dafawa bayan mutum na farko ya fito. A unguwar da wuta take tsayawa haka ne. A unguwar da ba wuta da safe, abin da ke cikin tankin shi ke nan, don haka a ƙirga masu wankan asuba a sayi wadda za ta ɗauke su a zubi ɗaya.

Tana kuma haƙuri da wuta mara ƙarfi. Ya kamata wutar gida ta zo da bolt 230, amma a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan takan faɗo 160 ko 170 da magariba. A bolt 160 elemen mai wat 1500 bai fi rabin ƙarfinsa yake bayarwa ba. Hitar tanki ba ta lalacewa da wannan, lokaci kawai take ninkawa. Ba ta kuma neman ruwa mai ƙarfi, in dai tankin sama ya fi ta tsayi sosai.

Sai dai ba a barin ta a kunne dare da rana. Ko ba a taɓa ruwan ba, mai lita 50 tana zubar da kusan yunit ɗaya a kwana ta jikinta, tamostat yana ta kunnawa yana cikewa. A kunna ta awa biyu a kashe. Saitin zafi kuma a bar shi wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta suna iya hayayyafa a ruwan da ya daɗe a kwance, sama da haka kuma farin dutse yana saurin taruwa a jikin elemen. A tuna cewa ruwa mai digiri 60 yana sale fatar yaro cikin 'yan daƙiƙu, saboda haka famfon sanyi ake fara buɗewa.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. A bakin fayif ɗin da ruwan sanyi yake shiga hita akwai wani ɗan bawul na tagulla mai ƙaramin hanci a gefe. In hita tana aiki za ka ga hancin yana ɗiga, ɗis, ɗis, har ya bar tabo a tayil. Maigida ya gani ya ɗauka yoyo ne, ya kira mai gyaran famfo. Wanda bai san aikinsa ba sai ya ce, "Alhaji, bari in toshe maka shi kawai," ya naɗa farin zare ya ɗaure da murfi. Wannan ɗigon kuwa shi ne numfashin tankin. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, lita 50 takan ƙaru da kusan lita ɗaya, kuma dole ƙarin nan ya sami mafita. In aka toshe bawul, ranar da tamostat ya mutu ruwa ya wuce tafasa, tankin yana iya fashewa da ƙarfin da zai rushe bango. Maganin ɗigon shi ne a sa masa siririn tiyo a kai shi magudana. Duk wanda ya ce zai toshe maka shi, ka sallame shi ka nemi wani.

Na biyu, fayif. Fayif ɗin PVC da ake haɗawa da gam na ruwan sanyi ne, yana fara laushi tun daga wajen digiri 60, mahaɗarsa ta saki a cikin bango, sai ka ga fenti yana kumbura. Layin ruwan zafi da PPR ake yin sa, koren nan da ake narka bakinsa da inji a haɗe, kuma a ce wa mai shago na ruwan zafi ake so, domin kaurinsu ya bambanta.

Na uku, wuta. Hita tana son layinta ita kaɗai daga allon bireka, da waya mai lamba 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, da makunninta mai ɗan jan fitila a wajen banɗaki. Dole a haɗa jikinta da wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta suke kira atin, kuma a tabbatar wayar ta tafi ga ƙarfen da aka binne a ƙasa, domin gidaje da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, babu komai a bayansa. A ƙara da bireka mai gane yoyon wuta, RCCB ko ELCB mai lamba 30mA. Kuɗinta bai kai kuɗin tayil ɗin banɗaki ba, kuma ita ce take yanke wuta kafin ta kama zuciyar mutum. Duk da haka a mayar da shi ɗabi'ar gida: a kashe hita kafin a shiga wanka. In ka taɓa kan famfo ka ji yana ɗan tsikarinka, kada ka ce ƙaramin abu ne, a kashe layin har sai an duba.

Abin da ya fi kashe elemen a wurinmu shi ne kunna hita babu ruwa a cikinta. Tankin sama ya ƙare da dare, an zuƙe na cikin hita, aka kawo wuta makunni yana kunne, cikin ɗan lokaci elemen ya ƙone. Kafin a kunna, a buɗe famfon zafi a ga ruwa yana zuba sosai ba tare da tari ba. Sannan a cikin tankin akwai wata sanda ta magniziyam da aka sa don tsatsa ta ci ta a madadin tankin. Bayan shekara ɗaya ko biyu takan cinye, kuma kusan ba wanda yake canza ta. Canza ta da wanke farin dutsen da ya taru, musamman ga masu ruwan bohol mai nauyi, shi ne bambancin hitar da take ruɓewa da wuri da wadda take shekara da shekaru. In hita ta fara ƙara kamar ana soya tsakuwa, ko ta fara daɗewa kafin ta yi zafi, dutse ne ya lulluɓe elemen.

Hita mai dafawa nan take

Ƙaramin akwati ne mai kyan gani kusa da shawa, ba tanki, ruwa yana ratsawa yana fitowa da zafi. A gidan da wuta take tsaye da ƙarfinta abu ne mai daɗi. A yawancin unguwanninmu kuwa ban ba da shawararta ba. Ba ta tara komai, in babu wuta a daidai lokacin wanka ba ta da amfani. Mai wat 3500 da ƙyar take ɗumama lita biyu da 'yan kai a minti a ruwan hunturu, in wuta ta faɗo 170 kuma sai dai ruwa mai ɗan dama-dama. Mai wat 5500 zuwa sama tana son waya mai lamba 4 ko 6, wadda ba ita aka ja a yawancin gidaje ba. Da yawansu ba sa kamawa sai ruwa ya zo da ƙarfi, alhali kowace mita ɗaya ta tsayin tanki kashi ɗaya cikin goma kacal na "bar" (ma'aunin ƙarfin turin ruwa) take bayarwa, sai an ƙara injin tura ruwa, shi ma mai jiran wuta. Babban abin da ya fi damuna shi ne tana kunne ne a daidai lokacin da kake tsaye a jiƙe a ƙarƙashinta. Ba tare da atin na gaske da bireka mai gane yoyo ba, kada a ɗaura ta. Akwai kuma irinta mai aiki da gas, wadda ba ta jiran wuta, amma a waje ake kafe ta inda iska take wucewa, ba a cikin banɗaki ba.

Hitar sola

Ba farantin da yake ba da lantarki nake nufi ba. Wannan tanki ne a kwance a kan rufi, da jerin kwalaben gilashi dogaye a ƙasansa. Rana tana dafa ruwan da ke cikin kwalaben, mai zafi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko, babu inji babu waya. Kowace kwalba tana ɗaukar nauyin kamar lita 10, wato mai kwalba 15 tankinta lita 150 ne. Ƙasar Hausa daga Zariya har Damagaram tana cikin wuraren da suka fi samun rana a duniya, kuma hunturu lokacin rani ne, ba hadari. Ruwan da ya dahu da la'asar yana kwana da zafinsa a tankin. Ga gida mai mutum takwas ko goma, babu abin da ya kama ƙafarta wajen sauƙi bayan an gama biyan kuɗin saye. Waɗanda suka ga yadda galibin jihohin arewa suka kwashe fiye da mako guda babu wuta a Oktoban 2024 sun san darajar abin da ba ya jiran layi.

Amma tana da sharuɗɗa. Kuɗin farko yana da nauyi, ya ninka na hitar bango. Nauyin jikinta ma haka: lita 150 kilo 150 ne, ban da tanki da ƙarafa, don haka rufin kwano mai siraran katako ba zai ɗauka ba sai an yi mata ƙafafun ƙarfe ko a ɗora ta a rufin kankare. Dole tankin ruwan sanyi ya fi ta tsayi, wanda yakan sa a ƙara wa hasumiyar tanki tsawo. A fuskantar da kwalaben kudu, inda inuwar bishiya ko bene ba ta faɗawa. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin, sai an riƙa hawa ana gogewa da sassafe ko da yamma, kuma ranar da hazo ya yi kauri ruwan ɗumi kawai za a samu. Shi ya sa wasu suke zuwa da elemen na ko-ta-kwana a ciki.

Abu biyu suke fasa ta. In tankinta ya ƙafe rana ta gasa kwalaben babu ruwa, sannan aka tura ruwan sanyi da tsakar rana, gilashin yana tarwatsewa, don haka a bari sai dare ko asuba a cika. Sannan ɗan bututun numfashi da yake samanta ba a toshe shi. A watannin Maris zuwa Mayu ruwanta yakan kai ga tafasa, lokacin da ba mai nemansa, sai a rufe rabin kwalaben da buhu ko tabarma. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko yana ajiye kwalaben canji, domin dutsen yaro ɗaya ya isa ya fasa guda.

Janareta da inbata kuwa a cire su daga lissafin ruwan zafi. Ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 900 ba zai ma ɗauki hita ba. Babba zai ɗauka, amma da ƙyar litar fetur take ba da yunit 2, wato bokiti ɗaya zai sha kwatan lita ko fiye, kuma kowa ya san inda fetur ya kai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Batir mai lamba 200 na ruwa, abin da za a iya ja daga cikinsa ba tare da an cutar da shi ba bai fi yunit ɗaya da ɗan ɗori ba, bokiti biyu ke nan ya kwanta. Hanya ɗaya ce mai ma'ana: wanda yake da faranti masu yawa da inbata babba, ya kunna hitar bango da tsakar rana bayan batura sun cika, ya kashe kafin la'asar. Wutar da da ma za ta tafi a banza ta koma ruwan wankan asuba.

To wa zai ɗauki wanne?

In ruwanka mai garuwa ne yake kawowa, ko gidan haya kake wanda ba za ka fasa bango ba, magana ta ƙare a kan gas da kula mai kyau, da butar lantarki don ranar da aka sami wuta. Kada ka sa kuɗinka a bangon wani. In gidanka ne, kana da tankin sama, kuma ana ba ku wuta ko da awa uku ne a jere cikin dare ko rana, hitar bango mai lita 30 ko 50 ita ce zaɓina, da tukunyar gas a gefe don ranar duhu. In gidan babba ne, mutane da yawa, wutar unguwa kuma ba a dogara da ita, a daure a tara kuɗin ta sola, ko da sai baɗi. Wanda yake gini yanzu, ko bai shirya sayen hita ba, ya sa a ja layin PPR da wayar hita da atin tun kafin a yi filasta, domin fasa tayil daga baya ya fi kayan tsada.

A yi aikin tun Oktoba, kafin masu gyara su yi wuyar samu. Ranar da aka gama ɗaurawa kuma kada ka biya cikon kuɗin aiki sai an gwada a gabanka: a cika tanki har ruwa ya fito ta famfon zafi, a kunna, ka tsaya har tamostat ya kashe da kansa, ka ɗaga ɗan hannun bawul ka ga ruwa ya fito ta tiyo, ka shafa kowace mahaɗa da busasshen hannu, sannan ka danna maɓallin gwaji na jikin bireka ka ga wuta ta yanke nan take. In ba ta yanke ba, ba a shiga wanka a banɗakin nan sai mai aikin wuta ya dawo.